Wuƙar da Baba Maƙeri Ya Ƙera wa Jikansa

Cikin duk kalmomin Turancin da na koyar a Alƙahira, guda ɗaya ce har yau in na ci karo da ita nake jin zuciyata ta fara tafasa. Armament. Ɗalibaina sun san ni da ita. In ta fito muna karatun jarida a aji, sai su yi tsit suna satar kallona, don sun san Malam zai ajiye alli ya fara faɗa. Ma'anarta ba wuya: haɗa makamai da tanadarsu domin yaƙi, ko kuma su kansu makaman da aka tanada. Shi ke nan. Amma ni ba a littafi na fara jin nauyinta ba. A bakin wata mata na ji ta, a wani ofishi a unguwar Dokki, ana rataya ta a wuyan wani tsoho maƙwabcina.

Karatun addini ne ya kawo ni Masar. Da na gama, kuɗin tallafi ya yanke, ban koma gida ba, na kama ɗaki a unguwar Ard al-Liwa ina koyar da 'yan gudun hijira Turanci. Ƙofar da ke kallon tawa a hawa na uku ta wani tsoho ce da matarsa, Hausawan Sudan. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a bakin kogi, zangon ya zama gari. Yaƙi ne ya tashe su daga can. Kowa a benen yana ce masa Baba Maƙeri, matar kuma Inna. Hausarsa irin ta da ce, mai daɗi, sai dai yana yayyafa mata Larabcin Sudan kamar gishiri. Kunnensa ya yi nauyi saboda shekarun da ya yi yana dukan ƙarfe, don haka magana da shi sai da ɗaga murya, kamar ana rigima.

'Ya'yansu maza biyu sun rasu a yaƙin. Ba sa maganar, ni ma ban taɓa tambaya ba. 'Ya ɗaya ta rage musu, ita kuma an riga an kwashe ta da mijinta zuwa wata ƙasa mai sanyi. Ta cika takardun neman iyayenta su biyo ta, takardun suna tafiya lafiya, saura ganawa ta ƙarshe. Ga shi tana da tsohon ciki, na fari. Duk abin da tsofaffin nan suke so a duniya shi ne su isa kafin ta haihu, Inna ta yi mata wankan jego, Baba ya ɗauki jikansa.

Baba ba ya iya zama haka nan. Ya samu wani Bamisire mai walda a bayan layinmu, mai yin ƙofofi da tagogin ƙarfe, yana taya shi aiki. Wata rana da la'asar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya buɗe tafin hannunsa. Wata 'yar wuƙa ce da ba ta kai tsawon yatsata ba, da ƙotarta ta icce da kubenta na jar fata. Da guntun ƙarfen mota ya yi ta. Wallahi ban taɓa ganin aiki mai tsafta haka ba.

Ya ce, "Ta jikana ce. A gidanmu ba a haifi yaro ba sai an ƙera masa tasa, a sa masa a ƙarƙashin kansa tun ranar farko. Kakana ya yi wa ubana, ubana ya yi mini, ni na yi wa nawa duka uku."

Na san al'adar, mu ma a gida ana ajiye wa jariri wuƙa saboda iska da mugun ido. Amma ka san mu 'yan makaranta da son gyara. Na ce, "Baba, ai addu'a ta wadatar."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Malam, kai ka yi addu'arka, ni in yi ƙirata. Ko na taɓa hana ka karatu?"

Inna ta leƙo tana dariya, ta ce ai gara da na ji da kunnena. Na ja masa kunne cewa ranar tafiya a cikin babban akwati za a sa ta, ba a shiga jirgi da ita a jiki. Ya ce tamam. Muka bar maganar a nan.

Ranar ganawa na raka su, saboda an yarda in shiga in riƙa maimaita masa tambaya da Hausa a kunne. Muka hau tuktuk, a-daidaita-sahun can, zuwa titin jirgin ƙasa, muka tsallaka, muka shiga ƙaramar bas zuwa Dokki. Baba ya sha farar jallabiyarsa da rawani, yana dogara sandarsa ta ƙarfe wadda shi ya ƙera abarsa. A ƙofar ofishin akwai na'urar nan da ke kuka in ta ji ƙarfe. Ta yi kuka. Mai gadi ya dubi sandar, ya dubi furfura, ya ce, "Yalla ya hajj," ya ɗaga masa hannu ya wuce. Da ma a nan aka tsayar da shi, da an ƙwace abin da ya ɓoye a jikinsa an yi tsaki an wuce wurin.

Mai ganawar wata matashiya ce Baturiya, mai fara'a, da tafintanta Bamisire. Ta yi tambaya da Turanci, tafinta ya mayar Larabci, ni in daka wa Baba a kunne da Hausa. Komai na tafiya sumul. Har ta yi wa Inna murmushi da ta ji maganar cikin. Can sai ta ce, ko akwai wani abu da zai ƙara nuna cewa tafiyar ta gaggawa ce?

Na maimaita masa. Fuskarsa ta washe. Ai shi a wurinsa an zo daidai wurin. A tarbiyyarsa, in babba ya tambaye ka hujja, ba baki kake buɗewa ba, aikin hannunka kake nunawa. Kafin in ankara ya naɗe hannun jallabiya, ashe wuƙar nan tana ɗaure a damtsensa kamar laya. Ya kwance ta, ya zare ta daga kube don a ga kyan bakin, ya miƙa wa matar da hannu biyu, ƙota a gaba, yadda ake miƙa wa manya.

Matar ta yi baya da kujera har ta bugi bango. Tafinta ya miƙe yana ƙwala wa masu gadi kira. Kan ka ce me, ƙarti biyu sun shigo, ɗaya ya murɗe hannun tsohon, rawaninsa ya faɗi ƙasa. Inna na salati. Ni ina ihu da Turanci cewa ta jariri ce, ta jariri ce, kyauta ce! Baba kuwa sai waige-waige yake yi, yana tambayata, "Malam, me ya faru? Ba ta yi musu kyau ba ne?"

Da ƙura ta lafa aka sa wuƙar a leda aka fita da ita. Matar ta sha ruwa, ta gyara zama. Murmushin nan ya tafi. Tambayoyin ma suka sauya.

Shi ya ƙera ta? Ya ce shi ne. Yana ƙera makamai? Ni na so in sassauta tambayar, amma tafinta yana jin abin da nake yi, kuma an gargaɗe ni tun farko cewa maimaitawa kawai zan yi. Na maimaita. Maƙeri kuwa ba ya musun gadonsa, ko za a yanka shi. Ya gyara murya ya ce gidansu gidan ƙira ne tun kaka da kakanni, sun yi garma, sun yi lauje, sun yi gatari, sun yi mashi da takobi a zamanin da ake yinsu. Yana faɗa yana ƙirgawa da yatsu, da alfaharinsa.

Ta ce, a lokacin wannan yaƙin fa?

Ya ce da labari ya zo cewa masu bindiga sun ƙone garin da ke gaba da nasu, maƙwabta suka kawo masa adduna da tsofaffin masu da suka yi tsatsa, ya wasa musu, ya ɗaura wa wasu sabuwar ƙota, don su yi gadin unguwa. "In ban yi musu ba, wa zai yi? Ni kaɗai ne maƙeri a garin." Ta tambaya ko an yi amfani da su. Ya ce, "Ina! Da motoci suka zo, da bindiga a kan kowace mota. Ko kusa da su ba wanda ya kai."

Matar ta juya wurin wani abokin aikinta da ya shigo, ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta manta ina jin Turanci. A nan na ji kalmar. Ta ce dole a ɗaga maganarsa zuwa sama, domin ya amsa da bakinsa cewa ya taka rawa a armament. Ta buga ta a na'ura. Na ga yatsunta suna bugawa.

Haba! Haba jama'a! Tsohon da duk masana'antarsa ba ta wuce zugazugin fatar akuya da buhun gawayi ba? Na buɗe baki zan yi magana, tafinta ya ce, "Khalas ya ustaz, an gama." Aka nuna mana ƙofa.

A bas Baba ya tambaye ni yaushe za a mayar masa da wuƙar. Na ce sai an duba. Ya ce to Allah ya sa kada su bar ta a wuri mai laima, bai gama shafa mata mai ba.

Na koma ɗaki na cika na yi fam. Ina da wani tsohon ƙamus mai kauri da na saya a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai, irin wanda ke ba da asalin kowace kalma. Na ɗauko shi, ni a haukata zan samo abin da zan je in ƙure su da shi. Abin da na tarar ya ƙara ƙona mini rai.

Kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce tun asali, aro suka yi daga Latin, harshen Rumawan da. A can armamenta kayan aiki ne, musamman kayan jirgin ruwa: igiyoyi, filafilai, duk tarkacen da ake ɗaura wa jirgi kafin ya tashi. Ita kuma daga armare ta fito, wato a shirya mutum ko abu da kayan da yake bukata. Uwarsu duka arma, wadda ke nufin makamai, amma Rumawan kan kira kayan noma da ita ma. In aka ƙara tonawa, masana sun ce can ƙasa akwai wani tsohon tushe mai nufin haɗa abu da abu su zauna daram, kamar dai yadda Baba yake ɗaura ruwan fartanya a ƙota. Da ta shigo Turanci sai ta fara nufin rundunar da aka shirya domin yaƙi, musamman ta jiragen ruwa. Daga nan ta yi ta ƙiba. Ta koma nufin igwa da tankoki da jiragen sama, da masana'antun da ke aman su dare da rana, da ƙasa sukutum in ta tashi haɗa kayan kisa.

Ka ji fa. Kalma ta taso daga igiya da garma, manyan ƙasashe suka yi mata kiwo da jinin mutane har ta zama dodo, sannan aka ɗauko ta da duk nauyinta aka jibga wa mai wasa adda. Su waɗanda suka ƙera bindigogin da ke kan motocin nan fa? Waɗanda suka sayar, da waɗanda suka yi dillanci, da waɗanda suka loda a jirgi? Su wa ya tsayar da su a wani ofishi ya murɗe musu hannu? Su ai ba sa bin layi a rana. Da kwat suke shiga jirgin sama, a kawo musu shayi. Harsashin da ya kashe 'ya'yan Baba ba a maƙera aka yi shi ba, kowa ya sani. Tir da wannan rainin hankali.

Na koma ofishin ni kaɗai, da ƙamus ɗina a hammata kamar wani lauya. Ba a bar ni na wuce taga ba. Na yi wa mutumin da ke wurin bayanin wuƙar jariri, na yi masa bayanin gadon ƙira, har na buɗe masa shafin na nuna masa da yatsa. Ya saurare ni da haƙuri, ba zan yi masa ƙarya ba. Da na gama ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ana dubawa." Na ce wa ke dubawa? Ya ce sama. Na ce wace saman, tana da ƙofa in je? Ya ce ma'alish. A nan na fashe. Na ce su fito da wuƙar su aza ta kusa da tanka ɗaya, su kira duk mai ido ya faɗa musu ko abu ɗaya ne. Na ce da wuƙar nan ko albasa sai an yi haƙuri za a yanka. Mutanen da ke layi suka yi ta ba ni baki, wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, yi shiru kada ka ɓata mana namu." Wannan ce ta kashe mini jiki. Mai gadi ya raka ni har titi.

'Yar Baba ta haihu, namiji. Mijinta ya kira su ta waya mai hoto, aka kira ni in riƙe musu wayar. Ga jariri nan a naɗe cikin farin zane, a wani gado mai kama da kwando. Inna na kuka tana dariya. Baba ya matso da fuskarsa har hancinsa na taɓa gilashin. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, "Me kuka sa masa a ƙarƙashin kai?"

'Yar ta ce, "Ba komai, Baba."

"Ko ta kicin ce ki sa masa kafin in zo."

Ta ce, "Baba, a nan in ma'aikaciyar jinya ta ga wuƙa a gadon jariri, ɗauke mini shi za su yi."

Bai ji ba. Ya juyo gare ni. Dole ni na sa baki a kunnensa na ɗaga murya na faɗa masa wannan magana, kalma bayan kalma. Na tsani aikin nan a ranar. Ya gyaɗa kai, ya koma kan tabarmarsa, yana can har aka kashe wayar.

Bayan wasu watanni amsa ta zo, rabi. An yarda Inna ta tafi. Shi kuwa ana dubawa. Inna ta ce ba inda za ta, tare suka fito daga wuta, tare za su zauna. Ina jin su ta bango suna ta yi, da yake shi ba ya magana a hankali. Ya ce mata yarinya ba ta da kowa a can, ko ruwan zafi ba mai dafa mata. Ya ce in ta ƙi tafiya bai yafe ba. Ban taɓa jin ya yi mata irin wannan magana ba, kuma na san don ta tafi ne ya yi.

Ni na kai ta filin jirgi. Shi ya ce ƙafarsa na ciwo. Da na dawo na same shi a bakin shagon mai walda, yana zaune a kan bulo, hannuwansa a kan gwiwa. Mai shagon ya ja ni gefe ya ce tun ranar Dokki tsohon ya daina taɓa duk wani abu mai baki. Ko almakashin matar mai shagon da aka kawo masa ya wasa, ya ce a kai wa wani.

Yanzu yaron yana tafiya, har yana kiran Baba a waya da wani suna da ba mu gane ba. Duk bayan 'yan watanni muna hawa tuktuk mu tsallaka titin jirgi mu je Dokki, a ce mana ana dubawa, mu dawo. Matar da ta buga kalmar an ce an mayar da ita wata ƙasa tuni. Wataƙila ma ta manta da shi. Kalmar dai tana nan inda ta bar ta.

Kwanakin baya ya sake ƙwanƙwasa mini ƙofa da la'asar. Ya waiga hagu da dama a matattakala kafin ya buɗe hannu. Ɗan cokali ne na ƙarfe, ƙarami, an goge shi yana ƙyalli, an lanƙwasa mariƙin yadda hannun yaro zai kama.

Ya ce, "Malam, duba mini a babban littafin nan naka. Wannan ba ya cikin abin da suka ce na yi?"

Na sa baki a kunnensa na ce, "Ba ya ciki, Baba. Cokali ne."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Akwai mai tafiya can wata mai zuwa, in ba shi ya kai?"

Ya girgiza kai. "A'a. Ni zan ba shi da hannuna." Ya kama tafina ya sa cokalin a ciki, ya naɗe yatsuna a kansa. "Amma ka ajiye shi a wurinka tukuna. Kada su gan shi a jikina."